Mai Laima na Pengkalan Garam

Pinang, 3 ga Maris, 2003

Zuwa ga Malama Suraini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da ɗalibanki.

Ni ne Haji Darus bin Long. Aji uku na yi a sakandare na fita. Da kafaɗata na fara dakon ƙanƙara a bakin jiragen masunta, yau masana'antar ƙanƙara biyu gare ni da manyan motoci biyar. Turanci a rediyo na koye shi. Na je Makka sau biyu. Duk wannan babu mahalukin da ya riƙe mini hannu.

An nuna mini daftarin ɗan littafin da ƙungiyar tsofaffin unguwa ta sa ki haɗa a kan mazaɓarmu ta Pengkalan Garam, wadda aka soke aka raba wa maƙwabta. A zaɓen 1964 kin rubuta wanda ya ci, da wanda ya bi masa, sannan kika ce "da wani mai zaman kansa, alamar laima, ƙuri'a 318". Malama, wanin nan ni ne.

Ke ba ki ga unguwar ba. An cike tekun, an dasa benaye a kanta. Amma ni kullum bayan azahar, in na kishingiɗa a hawa na goma sha huɗu, can nake komawa. Gidajen katako a tsaye cikin ruwa, tutoci a kan gora, ƙamshin busasshen kifi. Sai in ga mutanena ɗari uku da sha takwas a layi, ruwa ya kai musu gwiwa, kowa da laimarsa a buɗe alhali ba a ruwan sama. Ni kuma ina tafe da farar riga zuwa makarantar da ake miƙa takardar tsayawa, ni kaɗai. A bayana akwai wata ƙararrawa da ke ta kaɗawa, ban taɓa waiwayawa ba.

Ki gyara layin nan. Na bar ki lafiya.

Haji Darus

11 ga Maris

Zuwa ga Baba Haji,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya.

Ba raini ne ya sa na bar sunan ba. Jarida ɗaya tak na samu mai ɗauke da sakamakon shekarar, gara kuma ta cinye daidai wurin. Ga shi iyalai biyu sun riga ka zuwa, kowanne ya ce mahaifinsa marigayi ne mai laima. Ba zan iya zaɓa da ka ba, kuma ƙarshen wata za a kai littafin ɗab'i.

Amma akwai hanya. Ka san ba a karɓar takardar ɗan takara sai mutum biyu masu ƙuri'a a mazaɓar sun sa hannu, ɗaya ya gabatar, ɗaya ya mara baya. In an sami kwafin, magana ta ƙare. Su wa suka sa maka hannu, Baba? Wata tsohuwa a kasuwa ta yi dariya da na tambaye ta, ta ce in nemi Milah mai shinkafar kwakwa. Ko ka san ta?

'Yarka,
Suraini

16 ga Maris

Zuwa ga Yaya Milah,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san an daɗe.

Akwai wata takarda tawa ta lokacin zaɓe da nake zaton tana hannunki. Ana bukatarta don tarihi. Zan turo direba ya karɓa ranar Asabar.

Ƙaninki,
Darus

20 ga Maris

Darus,

Na amsa gaisuwa. Maƙwabciyata ce ke rubuta mini, na ce kada ta gyara ko kalma.

Shekara talatin da tara, sai direba? To sannu, mai ƙanƙara.

Tunda tarihi ake nema, bari in ba ka. Awa ɗaya ake bayarwa a miƙa takarda, tara zuwa goma. Attajiran nan biyu da suka yi maka alkawarin sa hannu, ko ƙeyarsu ba ka gani ba, an ja musu kunne tun ana gobe. Kana tsaye a ƙofar makaranta da farar rigarka, gumi ya jiƙa ta, kana kallon agogo kamar zai ji tausayinka. Ni ina kasuwa aka faɗa mini. Na bar tukunya a kan wuta, na tare Velu mai keken haya. Ya ce, "Yaya, ni fa kwastomomina duk 'yan jam'iyyar gwamnati ne." Na ce ya tuƙa, in ya so ya yi tsoron a hanya. Duk tsawon titin bakin ruwa yana kaɗa ƙararrawa, mutane na tsalle suna ba mu wuri. Saura minti shida muka iso. Na dangwala yatsa, na kama hannun Velu na dangwala masa, yana ta kiran sunayen allolinsa.

A satin aka karɓe mini rumfa a kasuwa. Velu ya yi wata uku ba mai hawa kekensa. Ba mu kawo maka kuka ba. Sai bayan zaɓe kana zaune a shagon kofi, ina wucewa da tire a ka, na ji kana cewa, "Ni kaɗai na tsaya, ko ɗan uwa ban da shi." Abin ke nan, Darus. Ba komai ba ne, shi ke nan.

Velu ya rasu shekarar da aka rushe gidajen ruwa. Har yau ina ganin unguwar, kuma ba a barci ba. In na wanke shinkafa, ruwan yakan yi mini warin gishiri.

Takarda tana nan cikin gwangwanin biskit. Ba zan ba direba ba. Ban taɓa sa kowa ya karanta mini ita ba, yatsana kawai nake ganewa. Ka zo da ƙafarka ka karanta mini, daga sama har ƙasa, da ƙarfi, don kunnen ya yi nauyi.

Allah ya kiyaye hanya, in za ka zo.

Yayarka

27 ga Maris

Zuwa ga Malama Suraini,

Bayan gaisuwa. Ga takardar nan na haɗo, ki kula da ita, ta yi laushi.

Na je da kaina. Ta sa na karanta sau biyu, wai na farkon na haɗiye wasu wurare. Sannan ta zuba mini shinkafa, ta ce na tsufa ba kyau.

Jiya bayan azahar na koma unguwar. Ruwa ya cika, laimomi a buɗe, ƙararrawar tana kaɗawa. Wannan karon na waiwaya.

Yanzu ki saurara, 'yata, don ba na son gyara bayan ɗab'i. Ki cire "wani". Ki rubuta Darus bin Long, cikakke, da baƙaƙe girman na wanda ya ci. A ƙasa ki sa: Milah binti Long ta gabatar, Velu mai keke ya mara baya. In layin ya ƙi ɗauka, ki rage wa mai nasarar laƙabobinsa, ya isa haka. Amma sunana ya shiga, kuma kada ya shiga shi kaɗai.

Wassalam,
Haji Darus bin Long