Bishiyar Luka, Ruwan Uwaisu

Sharaɗa, Kano
Watan Maris

Zuwa ga matata Firdausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jikin Inna? Ya 'yarmu Saudat da rigimarta? Ni lafiya lau, sai zafi da hayaƙin kamfanoni.

Na rubuto ne don abin da ke cina ba ya faɗuwa a waya, ga Ya'u abokin ɗakina da kunne kamar na zomo. Kin tuna alkawarin da na yi miki, cewa ranar da za ki dawo nan da zama, a inuwar da na dasa da hannuna za ki shimfiɗa tabarma? To, ki rage buri.

Shekara biyu ke nan da ƙungiyar unguwa ta raba mana dashen darbejiya. Na kafa tawa a ƙofar ɗakina. Luka, mutumin Kagoro da muke kan inji ɗaya a kamfanin robobi, ya rasa wuri, sai ya tona rami a bayan wurin alwalar masallacinmu, inda ruwa ke kwanciya yana tara sauro. Har dariya na yi masa. Yau tasa ta wuce rufin masallaci, tawa kuwa akuya ma sai ta sunkuya kafin ta ci. Ni fa ɗan lambu, jikan ɗan lambu, daga bakin kogin Haɗeja!

Abin da ya fi ƙona mini rai, Luka ba ya alwala, coci yake zuwa, amma sau biyar a rana bishiyarsa ke sha, har da ruwan da na wanke fuskata. Tawa sai ta jira mai garuwa. Mai shayi ya koma ƙarƙashinta, direbobin tirela can suke hutawa, kowa sai ya ce a haɗu a Inuwar Luka. Kishi nake yi, Firdausi, ba zan ɓoye miki ba. Bai yi mini komai ba. Kullum sai ya gaishe ni, gaisuwar ma haushi take ba ni.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Uwaisu

Sharaɗa
Watan Afrilu

Firdausi tawa,

Sallama da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na ji daɗin kukar miyar, amma ban ji daɗin dariyar da direban da ya kawo saƙon ya ce kin yi mini ba.

Na daina alwala a masallaci. Ina cika butata in tsuguna a gindin bishiyata, ruwana ya zauna a gidana. Sau biyu na rasa raka'ar farko saboda haka, Ya'u kuma ya laƙaba mini Mai Rowar Alwala. Bishiyar ta fito da 'yan ganye, ban san ko ruwan ne ko kunya ba.

Ga wani labari. Kwamitin masallaci zai gyara wurin alwala, a shafe shi da siminti, a sa bututu ya kai ruwan cikin kwatar da baƙin ruwan kamfanoni ke bi. In an yi haka a wannan bazarar, bishiyar Luka ta shiga uku. Allah ya yafe mini, da na ji sai da na yi murmushi. Ran Juma'a za a zauna, kuma Malam Inuwa liman ya ce yana son jin ta bakina, tunda na san shuka.

Ki sa ni a addu'a, amma kada ki tambaye ni wacce.

Mijinki,
Uwaisu

Sharaɗa
Watan Yuni

Firdausi,

Ina gaisuwa, ina kuma murna da Inna ta warke har ta amince ku taho.

Na shiga taron nan da niyyar yin shiru, shiru kawai ya isa. Sai na hango Luka ta taga, yana tsaye a gindin bishiyar, ba shi da bakin magana a taronmu, yana tsince ledojin da iska ta tara mata. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ruwan da ya wanke fuskokin masu sallah bai cancanci kwata ba, a juya bututun ya bi ta bishiyar, a tona wasu ramuka a gaba a ƙara dashe. Aka amince. Da hannuna na tona su.

Bututun ya kai ko'ina ban da ƙofata, don a kan tudu take. Kuma kin san sunan da aka sa wa layin sababbin bishiyoyin? Layin Luka. Shi ya fi kowa musawa, yana ta nuna ni, ba wanda ya saurare shi. Har ɗakina ya zo godiya, na ba shi wurin zama ina jin zuciyata na tafasa.

Na koma alwala a masallaci. Bishiyata dai tsayinta ya kawo mini gwiwa.

In kun sauka daga adaidaita, za ki ga babbar darbejiya a bayan masallaci. Nan za ku jira ni in taso daga aiki, don babu wata inuwar. Ki shimfiɗa tabarmarki, akwai ruwan mijinki a jikinta. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki yabe ta a gabana.

Allah ya kawo ku lafiya.

Naki har kullum,
Uwaisu