Ƙwayoyin Kindirmon Inna

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Labarin kindirmonki na kawo miki, kuma ba mai daɗi ba ne. Firjin ɗakin bincikenmu a Kano ya lalace lokacin hutu, ba wanda ya lura. A cikinsa nake ajiye ƙwayoyin bakteriyar da ke ɗaure miki madara, waɗanda na ɗebo daga ƙwaryarki kafin ki rasu. Ba ni da wasu.

Kin tuna ranar da na ɗebe su? Kin dawo daga kasuwar Ƙafin Maiyaki, kina zuba ragowar nonon jiya a sabuwar madara, na zo da 'yar kwalba. Kika ce duk karatun nan ashe a lashe ƙwarya zai ƙare.

Na zauna na yi miki bayani. Na ce akwai wani ɗan zobe na ƙwayar gado, sunansa plasmid, da muke sakawa cikin bakteriya. Gaɓa-gaɓa ne, a cire wannan a ɗaura waccan, kamar yadda kike sake jera duwatsun wuyanki. Zan yanko makunnin da ke tayar da ƙwayoyinki idan sun ji madara, in haɗa shi da gaɓar da ke ba da koren haske, don in ga lokacin da suke fara aiki. Kika ce in dai nononki ba zai koma kore ba, in yi ta yi.

Bayan sadakar bakwai, matan gida suka wanke ƙorenki da ruwan zafi da sabulu, ƙwayoyin da ke jikinsu duk suka mutu. Gyara suke yi, ban ga laifinsu ba.

Abin da ya rage a firjin na shuka shi a faranti, na yi ta leƙawa. Babu abin da ya tsiro. Ban gaya wa kowa ba, don wa zai gane ana yi wa bakteriya kuka?

Makunnin kaɗai ya tsira, domin na riga na ɗaura shi a zoben, shi kuwa zafi bai cika lalata shi ba. Na saka shi a wata bakteriyar da ba ta san rugarmu ba. Jiya na ba ta sukarin madara, ta yi kore shar. Na waiwaya in nuna wa wani, ɗakin ba kowa. Haske dai tana yi, Inna, amma ba ta ɗaure madara. Ɗanɗanon hannunki ya tafi ke nan, kuma ina kewarki.

Allah Ya yalwata makwancinki, Ya shayar da ke madarar Aljanna.

'Yarki,
Hajara