Ƙaramin Lagireton Jar Motarka

Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman ƙasar mutane? Ya Anti Hauwa da yara? Mu nan unguwar Malam Inna lafiya lau, ƙafar Hajiya ma da sauƙi.

Albishirinka, jar motar tseren da ka bar mini ta warke. Tun da ka ƙara wa injinta ƙarfi, in muka daɗe a layin shingen sojoji sai giyar otomatik ta riƙa fizga. Ni kuwa sai ɗura wa lagireto ruwa nake, ashe ba nan ciwon yake ba. Malam Modu, wani bakanike da rikici ya koro daga Borno zuwa unguwar Arawa, ya shinshina man giyar ya ce, "Wannan ai ya soyu." Sai ya ɗaura wa man ƙaramin lagireto nasa daban, da tiyo biyu.

Ranar gwaji, da muka isa shinge ni da Malam Modu, soja ya ce mu buɗe bonet. Yana ganin sabbin tiyon ya ja baya, hannu a kan bindiga. Ya zaci bam ne. Malam Modu ya yi masa bayani a tsanake, ƙarshe sojan ya karɓi lambar wayarsa, wai motar matarsa ma haka take yi. Awa guda muka yi a layin, giya ko gezau.

Ka sa mu a addu'a, Allah ya kawo zaman lafiya. Gaida yaran, su Ummi. Ka dawo da wuri kuma, don makullin nan ya fara sabawa da aljihuna.

Ƙaninka,
Kabiru