R Ɗin da Na Aika wa Baba Solomon

Mararaba, 9 ga Maris

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Baba, ina fatan kana lafiya, da Inna da su Khaula. Yaya ƙafar, kumburin ya sauka? Ni lafiya lau, hidimar ƙasa saura wata huɗu.

Ka tambaye ni labarin abokinka Baba Solomon na Kuje, wanda kuka yi aikin tangarahu tare a gidan waya. Na kasa faɗa maka da baki, shi ya sa na rubuto.

Ka san tun da aka yi masa aiki a maƙogwaro muryarsa ta tafi, ga yanar ido ta hana shi karatu. Kunne da hannu suka rage masa. Duk Asabar ƙarfe huɗu na yamma muke haɗuwa a rediyo mu yi hira da Morse, bugun nan naku na tangarahu, sau goma sha bakwai ke nan. Har ya sa 'yarsa Christina ta gaya maka wai na gaji kunnenka. Baba, ban gada ba. Ko kalma biyar a minti ba na kamawa. Wata na'ura na jona wa rediyon, dikoda, tana jin ƙarar tana rubuta mini haruffan a allo. Amsa kuma a kibod irin na kwamfuta nake bugawa, wata na'urar ta aika a madadina. Ban taɓa gaya masa ba.

Asabar ɗin 1 ga Maris hannunsa na rawa, tazarar bugunsa ta rikice. Dikoda ba ta iya karanta irin wannan. Minti shida tana zubo mini E da T da tarkace. Da ya dakata yana jiran amsa, kunya ta hana ni cewa ya maimaita. Na danna R sau biyu. Kai ka fi ni sanin nauyin R, cewa ce na karɓi saƙon duka.

Ranar Laraba bayan magariba Christina ta kira ni. Ta ce tun ƙarfe huɗu yake zaune a gindin mangwaro da ƙunshi a cinya, ya ƙi shiga ciki, wai na amsa zan zo.

Allah ya sa ina ɗaukar sautin kowace hira. Kwana uku na yi ina sauraron minti shidan nan da fensir a hannu. Ga abin da ya ce: ƙarshen wata Christina za ta mayar da shi Kafanchan, in zo Laraba in karɓi abin bugunsa na tagulla, wanda ke hannunsa tun 1974.

Jiya Asabar ban kunna rediyo ba. Ban san da wace fuska zan je ba. Ka yafe mini, sunanka na ɓata.

Ɗanka,
Fatihu

Mararaba, 6 ga Afrilu

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, tare da fatan kowa lafiya. Saƙonka ya iso ta bakin Khaula, cewa ba kai zan ba haƙuri ba, in kama hanyar Kuje. Na je ranar 12 ga Maris.

Na durƙusa na faɗa masa komai, har sunan na'urorin. Can ya ɗauki cokali ya fara buga gefen kofin shayi a hankali. Babu allo, ga Christina tsaye a kanmu. Sai a karo na uku na haɗa haruffan: ya sani tun ranar farko. Ya ci gaba, ina rubutawa a tafin hannu. Ya ce bugun inji ba ya numfashi, kowane ɗigo daidai yake da ɗan'uwansa. Ya yi shiru ne don yana son hirar. Na'urar ba ta dame shi ba, R ɗin ce ta yi masa zafi.

Ban miƙa hannu ga ƙunshin ba. Shi ya lalubo aljihun rigata ya tura shi ciki, ya daki kafaɗata da ƙarfin da ban zata yana da shi ba.

Na cire dikoda da kibod na sa a kwali, na jona abin bugun tagullar da ya ba ni. Jiya ƙarfe huɗu ya kira daga Kafanchan da wani abin bugun da ya rage masa. Hirar da muke gamawa a minti goma ta ci minti arba'in da biyu, kuma iyakar abin da na kama, an yi ruwa a can, sannan wai buguna kamar akuya a kan kwano. Sau goma sha ɗaya na ce ya maimaita. Sau goma sha ɗayan ya maimaita.

A gaishe da Inna. In an sake cewa na gaji kunnenka, ka ce tukuna.

Ɗanka,
Fatihu