Takardar da Baba Ya Rufe da Roba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke tantance takardun 'yan ƙasa da suka yi karatu a waje,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, musamman matar nan ta tebur na biyu, wadda ta riga ta haddace fuskata har takan tambaye ni zafin Garwa.

Sunana Asma'u Sale, haifaffiyar Garwa. Na yi karatun lauya a Najeriya, shekara biyar a jami'a, ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, na dawo gida don in yi rantsuwa in fara tsayawa a kotunan ƙasarmu. Abin da ya tsaya tsakanina da rantsuwar nan takarda ɗaya ce daga ofishinka, wadda muke ce wa ekibalans, mai tabbatar da cewa digirina na can digiri ne a nan ma. Na rubuto maka da Faransanci sau biyu. Wannan karon na zaɓi Hausa, na kuma bar wasiƙar a buɗe don iyayenmu na kasuwa su ji, saboda laifin da ya tsayar da ni su ne ke aikata shi kullum, da zuciya ɗaya.

Na ɗaya, ga laifin. Mahaifina, Malam Sale, tela ne, tun kafin a haife ni yake kan keke a bakin kasuwa. Wata damina ruwa ya shiga ɗakinsa, takardar filinmu ta zama kunu, ya sha baƙar wahala kafin ya samu wata. Tun daga ranar ya ƙulla amana da maƙwabcinsa Piyer mai fotokwafi, mutumin Mokolo, wanda ke da injin manna wa takarda roba, abin da muke kira plastifiye. A gidanmu babu takardar da ta tsira: katin rigakafi, takardun haihuwa, hoton aurensu da Inna, har takardar maganin kwana biyar da likita ya rubuta masa. Ranar da na dawo, na miƙa masa shaidar digirina ya sa mata albarka, na shiga ciki wajen 'yan barka. Kafin la'asar sai ga shi ya dawo min da ita tana sheƙi, da ɗuminta, ya gyara gefunanta da almakashin ɗinki. Wallahi ban taɓa ganin fuskarsa da haske irin na ranar ba. Ni kuwa da na yi shekara shida ina karanta doka, godiya na yi masa, har da cewa ta yi kyau.

Na biyu, daga Garwa zuwa ofishinka mota ce zuwa Ngaundere, sannan jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Sau uku na yi wannan tafiya. Zuwan farko an karɓi dosiye, wato tarin takarduna, aka ce in dawo da shaidar digirin ta asali. Zuwa na biyu na kawo ta. Ma'aikacin ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya ce takardar da ke cikin roba ba a iya shafa hatiminta a ji tudunsa, ba a kuma iya buga mata tambari a baya, saboda haka a idon ofis ita da kwafi ɗaya suke. Ban yi musu ba, hujjarsa hujja ce. Sai dai, ranka ya daɗe, jerin abubuwan da ake buƙata, wanda ofishinka ya ba ni, ya faɗi girman hoto, ya faɗi launin kwalin da za a sa dosiye, amma bai ce uffan a kan roba ba. A nan Arewa kuwa, inda gara da ruwa da zufa ba sa ga maciji da takarda, duk uban da ke son ɗansa wajen mai inji yake fara nufa.

Na uku, na koma jami'ata. Suka ce ta asali sau ɗaya ake bayarwa, amma suka ba ni wasiƙar tabbatarwa a rufaffen ambulan mai hatimi. Wannan a cikin rigata ta taho tun daga kan iyaka, ban ko bi da ita ta layin shagon Baba ba. Na kawo ta zuwana na uku, aka ce wasiƙar ta yi, sai dai rakiyar ta asali take yi, ba ta maye gurbinta. Piyer, Allah ya saka masa, ya ce zai iya ɓare robar da dutsen guga. Na ce mu fara gwadawa a kan sakamakon jarrabawata na firamare. Rubutun duk ya bi robar, takardar ta fito fara fat, ya duba ni na dube shi muka bar maganar.

Na huɗu shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk unguwarmu Metir ake kirana, yadda ake kiran lauyoyi, alhali jakar wani lauya nake ɗauka, in yi masa tafinta idan mutanen Bibemi ko Tuboro suka zo da rikicin gona cikin Hausa ko Fulatanci. Wannan zan iya jurewa. Abin da ba zan iya jira a kai ba idon Baba ne. Ya ƙi a saya min baƙar rigar kotu, ya ce 'yar tela ba za ta yi rantsuwa da ɗinkin wani ba. Ya ari ta lauyan da nake ɗaukar wa jaka ya ɗauki awo, ya yi wata guda a kan tattarar hannu kaɗai, Inna na zura masa zare domin ya daina ganin kafar allura. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ganin da ya tafi ba ya dawowa. Rigar na rataye a shago, a cikin leda, ba sai an faɗa ba. Zaman rantsuwa biyu ya wuce ni tana nan rataye, kuma ina tsoron na uku ya same shi ba ya bambance baƙin riga da baƙin duhu.

Duk watannin nan na ɓoye masa dalili, ina ɗora wa ofishinka laifin jinkiri, a yafe min wannan. Amma ba a buɗe wasiƙa ga duniya a rufe ta ga mai ita, don haka shekaranjiya na zaunar da shi na karanta masa abin da na rubuta zuwa nan. Ya shafa kan kekensa. Sannan ya ce:

"Ki rubuta musu ni na yi, ba ke ba. In akwai hukunci, su yi min."

Na rubuta, ga shi. Washegari da na je shagon na tarar ya cire wa rigar ledarta, ya ce kada ita ma a ce kwafi ce. Na yi dariya har da hawaye, hawayen kuma ba duka na dariya ba ne.

Roƙona uku ne. A karɓi wasiƙar jami'ata tare da ta asalin yadda take, ko ofishinka ya tuntuɓi jami'ar da kansa ya ji daga bakinsu. A ƙara layi ɗaya a jerin nan, da manyan haruffa, cewa kada a rufe takarda da roba, domin a layin ofishinka na ga masu riƙe da takardu masu sheƙi, ba ni kaɗai ba ce 'yar gata. Sannan a ba ni amsa kafin zaman rantsuwa mai zuwa. Ni kuma na yi alkawari, in ekibalans ta fito, kwafi zan miƙa wa Baba ya sa wa albarka.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sauƙaƙa maka nauyin da ke kanka, ya kuma nuna maka ranar 'ya'yanka da idonka, yadda nake roƙa wa nawa mahaifin.

Wassalam.

Asma'u Sale,
'yar tela, Garwa.