Kadangarun Kambai

Talata, 9 ga Fabrairu, 2016

Sun tafi da Kambai jiya da rana. Kwana biyu muna zaune a asibiti muna jiran gado, aka ce duk Manchester babu, sai Birmingham. Gari mai wannan girma, a rasa gado ɗaya da za a ba ɗana da ya daina ci, ya daina magana. Shekararsa ashirin da bakwai. Tun da aka rufe laburaren da yake aiki bara ya shige ɗaki. Ni ina ta ce masa lalaci ne, ashe ciwo ne.

Da za a saka shi a mota na zaci zai faɗa min wata magana. Abin da ya ce kawai: "Mama, ki kula min da tankin. Kada ki canza komai." Ni da na haife shi ban samu ko sai an jima ba.

Alhamis, 11 ga Fabrairu

Na shiga ɗakinsa. Sanyi kamar cikin firij, ya kashe hita gaba ɗaya. Abin nan su huɗu ne a cikin tankin gilashi. Turawa newt suke ce musu, ni kadangaren ruwa nake ce musu. Baƙaƙe, tsawon yatsa, cikinsu ja. Biyu manya, biyu ƙanana da suka ƙyanƙyashe a nan, masu wani gashi-gashi a gefen wuya. Ruwan bai kai rabin tanki ba, ga wani dutse a tsakiya a bushe. Abincinsu jar tsutsa ce, kuma ashe a firizata take, kusa da kifina, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

A garinmu Zonkwa in yaro ya kawo irin wannan cikin ɗaki, da tsintsiya za a raba su. Na zuba musu tsutsar da cokali, na jefar da cokalin.

Asabar, 13 ga Fabrairu

Wajen awa uku a bas, sannan wata bas ɗin zuwa gefen Erdington. Duk wannan don ziyarar awa ɗaya. Ya rame. Na kai masa gwate a kula, bai buɗe ba. Ya tambaye ni ko ƙananan suna ci, ko gashin wuyansu ya fara raguwa. Na ce ban auna ba.

Nas ɗin da ke kula da shi, Clara, ta dubi sunanmu ta gaishe ni da Hausa. 'Yar Jos ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don a coci na gaya wa kowa aiki Kambai ya samu a Birmingham. Ta ce maganar tankin nan ce kaɗai ke buɗe masa baki, in riƙa kawo masa labarinsu. Wato ni yanzu 'yar aiken kadangaru ce.

Laraba, 17 ga Fabrairu

Gidaje tara yau a aikina na kula da tsofaffi. Minti goma sha biyar a kowane gida: in ɗaga tsohuwa, in ba ta magani, in dafa shayi, in rubuta, in fita. Wata ta riƙe min hannu, sai da na ɓamɓare yatsunta.

Na dawo na leƙa tankin. Sun yi lamo a ƙasa, ba motsi. Raina ya ƙi yarda. Komai muninsu masu rai ne, kuma ni ban iya barin mai rai cikin sanyi ba. Na jawo teburin da tankin ke kai kusa da hita, na kunna. Na ƙara ruwa har kusan baki, dutsen ya nutse. Abin ruwa ai ruwa yake so. Yaron nan a cikin ciwonsa har ruwa yake musu rowa.

Lahadi, 21 ga Fabrairu

Catherine ta cocinmu ta tare ni bayan sujada, wai yaya Kambai da sabon aiki. Na ce lafiya lau, aiki ya yi masa yawa.

Ɗaya daga cikin ƙananan sai hawa gilashi yake. Gashin wuyansa ya tafi. Sau uku ina tura shi da yatsa ya koma ruwa. Gudu yake son yi, ya faɗo ya mutu a kafet, a ce ni ce.

Talata, 23 ga Fabrairu

Ya mutu. Na same shi da safe a kife, jan cikin a sama.

Laraba, 24 ga Fabrairu

Na tsaya shagon dabbobi a Stockport Road na nuna wa mai shagon hoton tankin. Ya daɗe yana kallo. Ya ce su sanyi suke so, ɗumi ne ke wahalar da su. Ya ce idan gashin wuyan nan ya tafi, ƙaramin ya daina numfashi a ruwa ke nan, tudu yake nema ya fito ya huta. In bai samu ba, sai ya gaji ya nutse. Ya faɗa a hankali, bai ɗora min laifi ba. Da ma ya zage ni.

Sau uku. Da yatsana.

Na kashe hitar, na kwashe ruwa har dutsen ya fito. Na binne shi a tukunyar fure ta bayan gida.

Asabar, 27 ga Fabrairu

Yau ya ci gwate, cokali biyar, ina ƙirgawa. Ya tambayi ƙananan. Na ce ɗaya yana nan kalau, ɗayan kuma yana ɗan fama da jiki, amma da sauƙi.

Ban ga laifina ba. Mu ba ma kai wa mara lafiya labarin mutuwa. Ana jira ya miƙe, sannan a samu babba ya zaunar da shi. Haka aka yi min da uwata. Haka na yi wa Kambai da babansa ya rasu can ƙasarmu, shi Kambai yana shekarar ƙarshe a jami'a: wata biyu na riƙe bakina har ya gama jarrabawa, ina kuka a banɗaki ina fitowa ina dafa masa abinci. Wa ya taɓa gode min?

Asabar, 5 ga Maris

Ko zama ban gama yi ba ya ce yaya mai fama da jikin. Na ce da sauƙi. Ya dube ni, kallon da rabon da in gan shi an fi shekara, idonsa tar.

"Ya mutu, ko?"

Na ce wa ya gaya masa.

"Ke. Haka kika ce min a kan Baba. Yana ɗan fama da jiki, da sauƙi. Ina ta tura masa text, an riga an binne shi."

Na ce don shi na yi, wancan da wannan duka. Ya ce ya sani, kuma abin da ya fi damunsa ke nan: duk lokacin da na ce masa lafiya, sai ya zauna yana lissafin wa ya mutu. Ya ce in gaya masa yadda aka yi, kada in tsallake komai. Na faɗa. Hita, ruwa, yatsa. Bai yi faɗa ba. Ya tashi ya ce wa Clara ya gaji.

A bas na zauna kusa da taga da kular gwate a cinyata, ko buɗe ta ba a yi ba. Shekara biyar yana riƙe da wannan magana a cikinsa, muna gida ɗaya.

Litinin, 7 ga Maris

Ya kira. Babu ina kwana, babu yaya aiki. Ya ce in ɗauko biro. Ƙaramin da ya rage shi ma ya kusa fitowa tudu. In raba shi da manya, in saka shi a robar ajiye abinci mai murfi, in huda murfin. Ruwa kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya, kuma wanda ya kwana a bokiti, ba na famfo kai tsaye ba. In sa littafi a ƙarƙashin gefe ɗaya, robar ta karkata, rabi ruwa rabi tudu. Tsakuwa a gangaren don ya samu abin kamawa. Gansakuka mai laima a sama, da ɓawon itace da zai ɓuya. Ya ce in ya fito kada in taɓa shi, in ya koma kada in taɓa shi.

Na ce na ji. Ya ce in maimaita. Ni, uwarsa, na maimaita kamar 'yar firamare. Gansakukar a katangar bayan gida na kankaro ta da wuƙar kicin, maƙwabciyata tana leƙena ta taga.

Juma'a, 11 ga Maris

Ya fito. Ina shirin fita aiki na gan shi rabin jiki a kan tsakuwa. Ya tsaya, ya koma ruwa, ya sake fitowa. Hannuna har ƙaiƙayi yake, na zauna a kansa. Wajen minti ashirin kafin ya shige ƙarƙashin ɓawon. Na makara gidan farko, aka kira ni daga ofis.

Na tura wa Kambai hoto. Ya amsa da kalma ɗaya, wai ya gani.

Laraba, 23 ga Maris

An kira ni taron sallamarsa daga asibiti. Na ɗauki hutu, na sa ashobin da na fi so, na riga na wanke masa labule. Likita ya tambaye shi inda yake son komawa. Ya ce akwai ɗaki a wani gida a Erdington da ma'aikata ke leƙowa kullum, can yake so. A gabana, da Turancinsa na 'yan Manchester, kamar ba na wurin.

Na ce yana da gida, yana da uwa. Na ce waɗanda suka rasa masa gado su ne yanzu za su riƙe min shi? Clara ta dafa min kafaɗa ta ce, "Mama, ki bar shi ya gwada." Na ture hannunta. Da Hausa ta faɗa, shi ya fi ƙona min rai.

A bakin ƙofa ya ce yana son tankinsa.

Asabar, 2 ga Afrilu

Bartholomew, mijin Catherine, shi ya kai ni a motarsa. Dole na gaya musu gaskiya, tunda ba a kai wa mai sabon aiki kadangaru a gidan da ke da ma'aikata a bakin ƙofa. Na hana shi kunna hitar mota har Birmingham. Ya yi ta mita, ni ina rungume da robar.

Ɗakin ƙarami ne, tagar na kallon wurin ajiye shara. Kambai ya ɗaga ɓawon, ya duba ƙaramin, ya ce ya yi ƙiba. Ya ce gangaren ya yi daidai. Shi ke nan ladana.

Na dawo gida. Tebur ya bar sawu huɗu a kafet.

Alhamis, 21 ga Afrilu

An kira daga can gida da safe. Scholastica ta rasu, ƙanwar babansa, wadda ta riƙe shi har ya shekara biyar kafin in samu takardun kawo shi nan. A bayanta ya koyi magana.

Catherine ta zo gaisuwa. Ta ce kada in kuskura in gaya masa yanzu, jiya-jiya ya fito asibiti, a bari ya yi ƙarfi, zuwa Kirsimeti sai fasto ya zaunar da shi. Na ce haka ne. Gaskiya ta faɗa, ni ma haka aka koya min, kuma har yanzu ban ce iyayenmu ba su san abin da suke yi ba.

Da ta tafi na wanke kofuna, na share falo, na sake sharewa. Sannan na kira shi. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce, "Kambai, Gwaggo Scholastica ta mutu yau da asuba." Ina tunanin in ya sake kwanciya ni ce na kwantar da shi.

Na ji yana kuka, na bar shi. Da ya gama ya tambayi ƙarfe nawa, wa ke wurinta, ko ta sha wuya. Na faɗi abin da na sani, wanda ban sani ba na ce ban sani ba.

Ya ce zai zo ranar Asabar, amma kwana ɗaya kawai zai yi. Na ce shi ya sani, gidan na nan inda ya bar shi.

Kwana ɗaya. Na dai ciro zanin gado na shanya.