Ni Na Sa Fartanya a Lambunki, Yenla

Kumbo, tsakiyar watan Maris.

Zuwa ga Yenla, sanyin idona, ruwan farkon shekarata, ƙamshin ƙasar da ta sha yayyafi bayan wata huɗu tana jira! Ya ke wadda idan ta sunkuya kan tsiro sai ya miƙe, idan ta ɗago ta dube ni sai ƙafafuna su manta hanya. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin takarda, ina gaida hannuwan nan naki masu ƙasa a farce, waɗanda ban taɓa ganin zobe ya kai su kyau ba.

Abin da ke damuna ba sanyin tsaunukanmu ba ne. Kishi ne, Yenla. Na faɗa da bakina, ni Sunjo kafinta, ba sai wani ya faɗa miki a kasuwa ba. Kwana uku ke nan ban buga ƙusa ta shiga daidai ba. Tuwon masara ya zama dusa a bakina, katako ya ƙi jin maganata, har mai kujerar da nake gyara wa ya tambaye ni ko zazzaɓi nake yi. Ina ma zazzaɓin ne, da na sha magani na huta!

Kin tuna bara, ranar da ruwan farko ya sauko ina gyara ƙofar lambunki ta bayan gida? Kin tsinko ganyen ayaba kika riƙe mana a ka, ruwa na bin gwiwar hannunki yana ɗiga a wuyana, ni kuwa ina ta jan aikin minti goma har ya kai awa guda. Kika ce, "Kafinta, wai ƙofar nan akuya za ta hana shiga, ko kai za ta hana fita?" Sai na buge ɗan yatsana da guduma, kika yi dariya har ganyen ya faɗi. Tun daga ranar nake ɗaukar lambun nan kamar da ni a cikinsa. Ni na sare miki gwangwalar da wake ya hau, ni na kwaso miki tokar da kika yi wa ganyen miyar nan njama-njama shimfiɗa, kuma miyar farko da ganyen ya ba da, a kwanona kika zuba ta. Ashe duk wannan bai isa ya sa wani ya ji nauyin tura ƙofar da na kafa ba?

To, ranar Asabar na biyo ta bayan gidanku da gwangwalar bana a kafaɗa, sai ga babur ɗin Mbinkar jingine da shingenki. Mbinkar mai shagon iri a kasuwa, mai takalmin da bai taɓa sanin taɓo ba! Na leƙa, na gan shi tsugune kusa da ke, ya baje 'yan takardun nan nasa masu hoton kabeji kamar kan jariri, ya kama hannunki wai yana nuna miki yadda ake gauraya irin karas da yashi kafin a yafa. Ke! Ke da kika iya shuka tun kafin ki iya ɗaura zani, ke ce yau ake koya wa yafa iri? Kuma me ya hana ki janye hannun? Ƙaya ce a ƙasa, ko yatsunsa ne suka fi nawa laushi? Ina tsaye bayan bishiyar goro na ji ya ce, "Kunyoyi biyun da suka rage ki bar mini, 'yar'uwa, jibi zan zo in tada su da kaina." 'Yar'uwa wai! Na ajiye gwangwalar a nan, na koma gida ban san ta inda na bi ba.

Shi ya san dalilin da ya sa ya ce jibi. Ni ban tsaya tambayar kaina ba. Abin da kawai ke kaina shi ne in riga shi, ya zo ya tarar babu sauran ƙasar da zai taɓa a lambunki. Gari na wayewa na saɓi fartanya na tafi. Kun wuce garin Jakiri gaisuwar rasuwa ke da mahaifiyarki, gidan shiru. Ni mutumin shago ne, da kalandar coci nake ƙirga kwanakina, bakwai-bakwai. Na ce a raina Lahadi ce, in na yi sauri zan gama kafin a buga ƙararrawa, Allah kuma ya san uzurina. Na manta sarai cewa makon kakanninmu takwas yake tafiya, kuma ranar hutun ƙasa, ranar da ƙarfe ba ya taɓa ta, ta faɗo a kan wannan safiyar. Kwarin nan duka babu ƙarar fartanya ko ɗaya, na ɗauka duk shirin coci ake yi. Na ja igiya, na auna, na tada kunyoyi biyu miƙaƙƙu kamar an fere su, na binne ciyawa a cikinsu yadda kike so, na share gumina ina murna kamar wanda ya ci yaƙi.

Sauran kin san shi. Da yamma aka ga sabuwar ƙasa a lambunki, dattawan mai unguwa suka zo suka kafa sandar hani mai ganye a ka a bakin ƙofar. Ba shiga, ba ban ruwa, ba dashe, sai wanda ya yi ya fito da zakara da goran bammi ya nemi gafarar ƙasa. Daga nesa na hangi wanda ya riƙo sandar. Mahaifina ne, Yenla. Shekara ashirin yana kafa ta a gonakin mutane yana musu faɗa. Ya dawo gida yana cewa, "Wane ɗan da ba a haifa da kunne ba ne wannan? Uban da ya rene shi ya yi asara." Ina zaune a gabansa, na ci gaba da cin tuwona kamar ba da ni ake ba.

Da a nan abin ya tsaya, da na jure. Amma washegari a bakin famfo tsofaffin unguwa suka tare Mbinkar da tsiya. Ɗaya ta ce, "Kai ɗan nan, mun ga babur ɗinka fa. Mai hankali ba ya noma ranar hutu, sai wanda so ya kwance wa kai." Kin san abin da ya yi? Ya sosa ƙeya, ya yi murmushin nan nasa na mai ciniki, ya ce, "To iyayena, me zan ce? Zuciya ce, ba ta duba rana." Suka sa guɗa! Kafin rana ta raba, garin duka ya ɗauka. A kasuwa ana nuna shi ana cewa ga wanda ya saɓa wa ƙasa don Yenla. Ya sayi farin zakara ƙato ya ɗaure a bayan babur yana zagaya unguwa da shi.

Wayyo ni! An taɓa jin irin wannan sata? Na ji ana satar akuya, ana satar dankali a rami, amma a sace wa mutum laifinsa? Gumin nawa, kantar hannun tawa, haukan nawa, shi kuma ya tsaya da farar riga yana karɓar guɗa! Ya riƙe hannunki na yi shiru, ya kira ki 'yar'uwa na haɗiye, yanzu wautar da na tafka dominki ma ba zai bar mini ba? Kuma an ce mini, Allah ya sa ƙarya ne, da ya wuce ta ƙofarku kin yi masa murmushi. Wane irin murmushi, farin watana? Na gaisuwa, ko wanda ke lotsa kumatunki na hagu? Wannan na biyun nawa ne, ban yafe wa kowa ba. Ina kishin iskar da ke taɓa ɗankwalinki, ina kishin butar ban ruwa da kike runguma a kwankwaso, to yaya kike so in yi da mutum mai babur?

Jiya na tsaya daga nesa na hangi irin dashenki ta saman shinge. Tumatir ya yi tsawo ya rame yana neman wuri, njama-njama ta cunkushe ta fara rawaya, kabejin nasa ma da nake ƙi ya ba ni tausayi. Ruwa ya sauko sau biyu, kowa ya dasa, ke kaɗai kike zaune kina kallon aikin wata guda yana lalacewa. Na ji mahaifiyarki na faɗa wa maƙwabciya, "Ni ko na wane ne a kawo zakaran nan, miyar shekarata ce ke mutuwa." Gaskiyarta. Ni na jawo, kuma tsoron idon mahaifina ya sa na bar ku a ciki kwana uku.

Abin da ya fi ci mini rai ban faɗa ba tukuna. Kin san aikin hannuna. Wa ke ja wa kunyoyi igiya a garin nan in ba kafinta ba? Kallo ɗaya kika yi musu kika gane, na tabbata. Kin gane, kika yi shiru kina jira in buɗe baki, ni kuma na ɓoye a shago ina jin haushin wani. Idan murmushin nan gaskiya ne, watakila ba Mbinkar ya ƙwace shi ba, ni na sake shi ya faɗi a hannunsa. Wannan tunanin ya fi kishin zafi.

Yau da safe na durƙusa gaban mahaifina na faɗa masa komai. Na zaci sanda zai ɗauko. Sai ya tashi ya shiga akurki, ya ture ɗan ramammen zakaran da na yi niyyar kaiwa, ya kamo jan zakaransa, wanda yake ji da shi, ya ɗora mini a hannu. Ya ce, "Ka zubar mini da mutunci sau ɗaya, ba za ka ƙara da tsamurarren zakara ba. Gobe ni zan tsaya a bayanka, ka yi magana da ƙarfi a ji."

Saboda haka gobe da hantsi zakaru biyu za su hallara a ƙofar mai unguwa. Kin san yadda ake yi: mai lambu ce ke karɓa daga hannun mai laifi ta miƙa wa dattawa, sannan a tuge sandar. Za a yi mini dariya, za a yi wa tsohona, na yarda. Ba na roƙon ki ce na kyauta, don ban kyauta ba. Ko wanne kika karɓa, lambunki zai buɗe, dashenki zai sha ƙasa kafin yamma. Ni ne kawai ban san makomata ba. Ki dube ni, Yenla, ki miƙo hannu, ki ce a gaban kowa wannan mahaukacin nawa ne. Idan kuwa farin kika karɓa, zan rungumi nawa in koma gida tare da tsohon da na tozarta a banza, kuma ko a hanyar komawar ke zan riƙa so.

Naki a bana, naki a baɗi, naki har ranar da za a haƙa ƙasar nan domina,

Sunjo